Shekarar da Na Soke Kuɗin Tara

Tun daga Jibiya har Maraɗi, a zamanin nan da kuɗin fetur ya haukata ƙasa, babu gidan da 'ya'yansa ke cin daɗi kamar gidana. Ba cika baki nake yi ba, ku tambayi duk tsohon direban da ya rage da rai. Ni ne ɗan kamasho a tashar kan iyaka. Ni ke nema wa manyan motocin Alhaji Barau lodi, ni ke sasanta direba da mai kaya, ni ke nuna wa 'yan dako wanda zai ɗauki buhu da wanda zai ɗauki katan. Motar da za ta tsallaka Nijar ko ta shigo, in ban ɗaga hannu ba, ko ƙudan da ke kan gilashinta ba ya tashi. Direbobi kuwa ba sa wuce ni hannu rabbana. Wannan ya miƙo katan ɗin biskit da ya fashe a gefe, wancan madarar gwangwani mai kauri, wani kifin gwangwani, 'yan Maraɗi su zaro mini dogon burodinsu mai kama da taɓarya. Da la'asar in shigo gida aljihuna ya yi ciki kamar akuyar da ta kusa haihuwa, ku 'ya'yana ku yanyame ni kuna ihu. Lemon kwalba a gidana, har kaji sun san ƙarar buɗe shi.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan babi shi ne na gaji da ƙazafin da kuke yi mini. Duk sallah in kun taru, sai Nasiru ya miƙe ƙafa ya fara ba da labarin yadda Baba ya hana kuɗin tara na makaranta saboda rowa, ya sa kuna zuwa makaranta da kwano a ka kamar masu kai abinci gona. Ku yi ta dariya, ƙananan jikokina suna kallona kamar wanda ya cinye gadon marayu. To yau ga nawa bakin. Kai Nasiru, gyara zama, don kai ne ka jawo mini.

A shekarar da aka sa ka makaranta ka fara lalacewa. Wuya ya yi tsawo, ido ya faɗa, ciki ya yi gaba, ƙafafu kamar karan dawa. Gefen bakinka ya tsage, haƙoranka na gaba suka yi baƙi kamar an shafa musu toka. In iska ta taso sai uwarku ta riƙe ka kada a neme ka a Nijar. Tuwo kuwa ko ƙamshinsa ba ka so. Na saya maka maganin tsutsar ciki, na karɓo rubutu, na ƙara maka madarar gwangwani don a ganina babu abin da ya fi ta gina jiki, tunda Bature ya sa ta a ƙarfe ya rufe. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, na ɗora ka a keke zuwa wurin malamin asibiti, wani siririn mutum mai tabarau wanda ba ya dariya ko da an yi masa cakulkuli. Ya ja fatar idonka, ya leƙa bakinka, ya latsa cikinka, sannan ya dube ni.

"Malam, yaron nan yunwa ke damunsa."

"Yunwa? Ɗan wa?"

"Ɗanka."

"Malam, ka san ko ni wane ne? Gidana ɓera ma ƙiba yake yi har ya kasa shiga rami!"

"To ka kawo mini ɓeran in gani. Yaro, me ka ci jiya?"

Ka ce biskit da shayi da lemo. Ya ce shekaranjiya fa? Ka ce burodi da lemo da alawa. Ya ce yaushe rabonka da tuwo, ko wake, ko ganye? Sai ka murguɗa wannan tsagaggen bakin naka ka ce wai tuwo abincin 'yan ƙauye ne. A gabana! Ni da aka yaye ni da kunun gero a Daddara! Malamin ya rubuta ɗan magani, ya ce wannan ba shi ne maganin ba, maganin yana cikin tukunyar gidana: wake, gyaɗa, nono, ƙwai, zogale, tuwo da miya. Ya ce ciki a cike yake amma jiki bai sami komai ba, kuma in aka ci gaba a haka, ranar da ƙyanda ko gudawa ta zo, ba za ta sha wahalar ɗaukarka ba. Wannan kalma ta ƙarshe ita ta bi ni har gida. Ban taɓa jin haushin mutum irin na ranar ba, kuma ban iya ce masa ƙarya yake ba.

Ku jikokina da ba ku ga lokacin ba, ba za ku gane irin haukan da aka yi ba. Kuɗi ya shigo kamar ruwan Agusta, mutane suka rasa inda za su tara shi sai a cikin cikinsu. Manomi ya jingine fartanya ya zo tasha neman dako. Gero da ya rufa wa kakanninmu asiri ya zama abin kunya. Na ga dattijo da gemunsa yana ɓoye ƙwaryar fura a bayansa don baƙo ya shigo, ya aika a sayo lemon kwalba. Na ga matar da ta kori Bafulatana mai nono daga ƙofar gida wai ta daina shan abin da ba a rubuta suna a jikinsa ba. Ga 'yan'uwanmu na tsallake, waɗanda fari ya cinye wa dabbobi suka zo suna dako, 'ya'yansu na cin dambu da ƙuli-ƙuli suna kokawa kamar 'yan maruƙa, namu 'ya'yan masu kuɗi suna tafiya suna layi. Wa ya yi mana wannan? Har gobe in na tuna raina ɓaci yake.

Ina isa gida na kafa doka. Na kwashe gwangwanaye da katan-katan na kai tasha na rabar. Na aika Daddara aka zo mini da Iya, mahaifiyata, wadda a duniya ba a yi yaron da ya taɓa gagarar ta ba. Ta iso da ƙullin kuka da daddawa da busasshen zogale da rabin buhun wake, ta ajiye, ta dubi Nasiru daga sama har ƙasa.

"Auta," ta ce da ni, don har ta bar duniya ba ta kira ni da wani suna ba, "wanga ɗa ne ko tsinken tsire?"

"Iya, shi ya sa na kira ki."

"Mi kuke ba shi?"

Uwarku ta ce, "Iya, abin da Malam ya kawo."

"To, madalla da Malam."

Aka shiga yaƙi. Iya ta yi ɗanwake da man gyaɗa da yaji wanda ƙamshinsa ya sa maƙwabta suka riƙa aiko yara gaisuwa babu dalili. Ta yi kwaɗon zogale da ƙuli, ta yi kunun gyaɗa, ta dama fura da nono mai kauri har ludayi na tsayawa a ciki. 'Yan'uwanka suka ci bayan ɗan kuka. Kai kuwa ka rufe baki kamar an sa kwaɗo. Aka yi lallashi, aka yi tatsuniya, aka yi barazana da dodo, ni kaina na ɗauko tsumagiya Iya ta ƙwace. Abin mamaki kuma, ba ka ci a gida, amma ba ka kukan yunwa. Ruwa ba ya tsami banza. Wata rana ka dawo daga makaranta uwarku ta kama haɓarka ta ce ka fito da harshe. Ja wur, kamar an rina shi.

"Malam, ka toshe ƙofa ka bar taga," ta ce. "Kuɗin tara ne."

Kuɗin tara, ga jikokina da za su karanta, su ne 'yan kwabban da ake ba yaro da safe ya sayi abin kalaci in an fito hutun ƙarfe tara. A saninmu, mata ne ke zama a ƙofar makaranta da ɗanwake da alale da ƙosai da dafaffiyar gyaɗa, yaro ya ci ya koma aji da ƙarfinsa. Ni duk zatona abin da kake saye ke nan. Washegari na bar tasha na tafi makarantar na laɓe a bayan katanga kamar ɓarawon akuya. Ana kaɗa ƙararrawa sai na ga yara sun ɓarko kamar fara, duka sun nufi wani sabon shago na langa-langa da aka kafa a cikin harabar, an shafe shi da shuɗin fenti. Biskit, alawa mai rina baki, lemo mai ɗumi kamar fitsarin jaki. Kai Nasiru kana gaba-gaba, kana ture na ƙasa da kai, ƙarfin da ba ka da shi a gida ya zo.

Mata masu abinci kuwa babu ko ɗaya a ƙofa. Can na hango su nesa, a gindin wata tsamiya a bakin hanya, inda ba a barin yara su je. Na ƙarasa wurin Inna Hassi, wata dattijuwa mutuniyar Maraɗi, wadda ɗanwakenta ya raini rabin garin nan. Tana zaune ta yi tagumi, tukunya a cike.

"Inna, me ya kawo ku nan?"

"Korarmu anka yi, ɗana. Wai muna da ƙuda."

"Wa ya kore ku?"

"Hedimasta. Amma shi ma aiko shi anka yi. Ka tambayi mai shago, ai ka fi ni saninshi."

Na tambaya. Shagon na Alhaji Barau ne, ubangidana, wanda kuma shi ne shugaban iyayen yara na makarantar. Da na leƙa ciki sai na gane kayan ɗaya bayan ɗaya. Su ne katan-katan ɗin da suka daɗe a sito, waɗanda 'yan kasuwar tsallake suka ƙi karɓa don biskit ɗin ya yi laushi ya fara wari. Abin da babba ya ƙi, shi aka kawo wa yara. Na shiga wurin hedimasta. Ya ba ni kujera, ya yi mini dogon bayani a kan tsafta da zamani, ya ce abin da aka naɗe a takarda ƙuda ba ya hawa. Na ce to ai dutse ma ƙuda ba ya damunsa, a raba wa yara duwatsu mana. Sai ya yi ƙasa da murya ya nuna mini rufin azuzuwa, sabon kwano yana ƙyalli, ya ce in tambaya wa ya saya. Na gane. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ana saura 'yan kwanaki taron iyayen yara, gidana ya rabu biyu. Uwarku ta ce in hana ɗana kuɗi in yi shiru, abin da ya shafe ni ke nan.

"Malam, a inuwar mutumin nan muke. In ka sare bishiya ina za mu zauna?"

"In hana nawa, 'ya'yan mutane fa?"

"Suna da iyaye."

"Kuma in ya ga abokansa na tsotsar alawa, ba zai roƙa ba? Ɗana ya zama maroƙi?"

Iya tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ƙyale shi. Bakin ga nashi tun yana goye ba a iya rufe shi ba."

Ranar taro aka shimfiɗa tabarmi a gindin bishiya. Manoma daga Kusa da Farfaru, 'yan kasuwa, direbobi, har da 'yan dako masu yara a makarantar. Alhaji Barau na kan kujera a gaba, babbar riga ta sha aiki, yana jan carbi. Aka yi maganar alli, aka yi maganar rijiya. Da aka ce ko akwai mai magana, na miƙe. Na zo da shirina a cikin aljihu. Na sa aka kawo mini kofi biyu da ruwa. A ɗaya na jefa biskit ɗin shagon, a ɗaya na jefa ɗanwaken Inna Hassi. Kafin in gama sallama biskit ya narke ya zama kumfa, ɗanwake kuwa yana zaune a ƙasan kofi daram kamar basarake.

"Jama'a," na ce, "ga cikin ɗanka, ga cikin ɗan wani. Wanne zai kai azahar? Mun aiko yara su koyi karatu, malam na cewa biyu da biyu, cikin yaro na cewa wayyo. An ce matan nan suna da ƙuda. To ƙuda wawa ne? Ya san inda abinci yake, shi ya sa ba ya zuwa shago! Ku duba bakin 'ya'yanku in kun koma gida. Nawa ɗan, da nake taƙama ya fi kowa cin daɗi, malamin asibiti ya ce yunwa za ta kashe shi. Kayan da ke shagon can na san su, da hannuna na sauke su, na san wanda ya ƙi su da dalilin da ya sa ya ƙi su. Abin da ba za mu ba baƙo ba, don me za mu ba 'ya'yanmu?"

Na yi magana ranar har tsuntsayen bishiyar suka yi shiru suna saurare. Wani tsoho daga Farfaru ya buga sandarsa a ƙasa ya ce shi dai jikansa ya daina cin tuwo, ashe ga dalili. Wani direba ya ce nasa haƙori biyu aka cire masa. Wuri ya kaure. A ƙarshe aka yanke cewa mata su dawo ƙofar makaranta, da sharaɗin su rufe abinci da faifai, su ajiye ruwan wanke hannu. Shago kuwa ba a rufe shi ba, don babu mai ƙarfin halin faɗin haka sai ni, ni kuma murya ta riga ta dushe. Nan a gaban kowa na rantse cewa muddin shagon nan na tsaye, ɗana ba zai ƙara riƙe kwabo zuwa makaranta ba, daga gida za a zuba masa abinci a kwano. Wannan ita ce rowar da kuke faɗa.

Aka shafa fatiha, Alhaji ya tashi. Da zai shiga mota ya kira ni, fuska a sake.

"Idi, ashe haka ka iya magana? Allah ya ƙara basira."

Na ce amin, har ina jin daɗi. Da safe na isa tasha na tarar da wani yana ɗaga wa motocin Alhaji hannu. Babu faɗa, babu zagi, babu wanda ya ce mini tafi. Direbobin da ke kirana tun daga nesa suka koma duban taya in na matso. Sauran masu motoci kuwa wa zai ɗauki wanda Alhaji ya ajiye? Na yi 'yan kwanaki ina zagaye kamar kazar da aka kwashe wa ƙwai, sannan na tattara na dawo gida. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na koma gonar gado da na yi shekaru ban taka ba, hannuna ya yi kanta, na shiga saye da sayar da wake a kasuwannin ƙauye. A tsakiyar shekarun da kowa ke sayen babur da rediyo, ni na sayar da kekena. Uwarku ba ta taɓa ce mini ai na faɗa maka ba, amma yadda take ajiye mini buta ya fi maganar zafi.

Ku ma kun sha naku, ban musa ba. An yi muku waƙa a makaranta, ana kiranku 'yan kwano. Kai Nasiru ka yi kuka har muryarka ta shaƙe, kuma da farko kwanonka yadda ya tafi haka yake dawowa, sai dai ɗan abin da abokai suka taɓa. Na zauna ina tunanin na rasa aiki, na rasa keke, ga yaro bai ci ba. Wannan lokacin, in gaya muku gaskiya, ko barkwanci ba na iya yi.

To da yake yanzu babu tasha, sai ya zama a gida nake cin abinci, abin da na daɗe ban yi ba, don a can mai shayi da mai tsire ke ciyar da ni. A kawo mini tuwon gero da miyar kuka a zaure, in wanke hannu in zauna. Wata rana ina ci na ga inuwa a bakin ƙofa. Kai ne, ka tsuguna ka zuba wa hannuna ido, kana bin loma daga kwano har baki. Na ci gaba da cin tuwona. Kun san al'ada, uba ba ya sharce kwano, yakan rage wa yaro. Na rage 'yan lomomi na ture kwanon gefe, na fita alwala. Da na dawo kwano fes, kamar an wanke. Washegari ka sake zuwa. Na riƙa rage rabi, ina tashi da yunwa. Daga tuwo aka koma ɗanwake, daga ɗanwake aka koma kwaɗo, duk abin da ya biyo ta kwanona ka cinye, ko da kuwa irinsa ne ka ƙi a hannun Iya da safe. Kafin kaka kwanon makaranta ya fara dawowa babu komai. Baki ya warke, kumatu suka fito, har ka kayar da ɗan wani ɗan dako a kokawa aka kawo mini ƙara, na ba da haƙuri a fili, a zuci kuwa kamar in yi guɗa. Da ƙyanda ta shigo gari bayan nan ta kwantar da kai, ka tashi. Ba a kowane gida aka tashi ba.

Ranar da Iya za ta koma Daddara, tana ɗaure kayanta a tsakar gida, maƙwabta sun shigo sallama, ni kuma bakina ya dawo. Na kama hannun Nasiru ina juya shi a gaban mutane kamar ragon layya, ina ba su labarin kofi biyu, da yadda na tsaya gaban Alhaji ban ji tsoro ba, da yadda jawabina guda ɗaya ya ceci yaron nan da 'ya'yan garin nan kaf, har da na tsallaken iyaka da iska ta kai musu labari. Iya ta ƙulle bakin tsummanta, ta ɗora a ka, sannan ta dube ni.

"Wane jawabi, Auta? Yaro abin da ya gani a hannun ubanshi shi yake so. Ka rasa na shayi da burodi, ka dawo ma tuwo, ya biyo ka. Ba bakinka ya yi magani ba, tsiyarka ce."